Neman kalma: me za mu kira standby da recovery a PostgreSQL?

Isufu, Yamai:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Muna haɗa takardar koyarwa da Hausa don matasa masu kula da rumbun bayanai na PostgreSQL, sai kalmomi biyu suka tsaya mana: standby, wadda a Faransanci ake ce wa serveur de secours, da kuma recovery. Misalin da muka ɗauka, uwar garke ɗaya a Yamai tana karɓar rubutu, ta biyu a Tawa tana bin ta. Na sa "uwar garken ajiya" da "farfaɗowa". Ku duba mana, Allah ya saka.

Hajiya Rabi, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cire "ajiya" tun da wuri. Duk wanda ya ji ajiya zai ɗauka idan ya goge abu a ta farko zai same shi a ta biyu, alhali DROP TABLE ɗin da aka buga a Yamai yana isa Tawa cikin daƙiƙoƙi, teburin ya ɓace a can ma. Sai fa in an sa recovery_min_apply_delay, a ce awa 1, don ta riƙa jinkirta aiki da gangan. A bar "ajiya" ga abin da pg_dump ko pg_basebackup suka fitar aka adana gefe. Ita wannan, muna da kalmarta tuntuni: ko-ta-kwana. Uwar garken ko-ta-kwana, tana kunne, a shirye, ba a dai miƙa mata ragama ba.

Malam Mamman, Tawa:
Hajiya ta gama magana kan ta farko. Ta biyun ce ta fi damuna, don "farfaɗowa" na iya sa yaro ya yi ɓarna.

Ga abin da ke gudana. Duk canjin da anka yi ga babbar uwar garke, ta Yamai, sai an fara rubuta shi cikin kundin canje-canje da ake kira WAL, fayil-fayil na megabayit 16 in ba a sauya girman ba. Aikin walsender da ke can yana turo shi, walreceiver da ke nan yana karɓa ya rubuta ga faifai, sannan wani aiki na uku mai suna startup ya karanta ya maimaita canjin cikin teburan. Wannan maimaitawar ita ce recovery, kuma ga ko-ta-kwana ba ta ƙarewa. Ka tambayi pg_is_in_recovery() yau, ka tambaya baɗi, amsar true ce, kuma lafiyarta ke nan. To yaron da anka koya wa "tana farfaɗowa" zai zaci ciwo take, ya nemi tashe ta, ya buga pg_promote(), wato ya ɗora ta ta zama babba. Nan take ta daina bi, ta buɗe sabon layin tarihi nata, ta fara karɓar rubutu. Komawa baya sai da pg_rewind, wanda shi ma yana buƙatar wal_log_hints ko checksums a kunne tun kafin nan, ko kuwa a sake kwaso komai da pg_basebackup ta layin da ya fi kilomita 500.

Ni "bin sawu" nake ba da shawara. "Farfaɗowa" a bar ta ga abin da uwar garke ke yi in kuran ya ɗauke tana tsakiyar aiki, ta tashi ta gyara kanta. Wannan kam tana da ƙarshe.

Zali, Yamai:
Malam, na yarda da bin sawu, amma kada ta haɗiye abu biyu. Karɓa daban, zartarwa daban. Idan aka buga pg_wal_replay_pause(), zartarwa ce kawai ke tsayawa. Walreceiver na ci gaba da zuba WAL a cikin pg_wal. A manta da ita haka a kwana, babbar tana ta aiki, faifan ko-ta-kwana ya cika. Shi ya sa ake duba lambobi biyu, pg_last_wal_receive_lsn() da pg_last_wal_replay_lsn(). In ta farko ta tsaya alhali ana rubutu a Yamai, a binciki layi ko primary_conninfo, saitin da ke faɗa mata yadda za ta haɗu da babbar. In ta farko na tafiya ta biyu ta tsaya, an dakatar da zartarwa ne ko wata tambaya ta tare hanya. Kuma umarnin dakatarwar roƙo ne kawai. Daga siga ta 14 ana tabbatarwa da pg_get_wal_replay_pause_state(), sai ta ce paused sannan a yarda.

Isufu, Yamai:
Madalla Yaya Zali, na raba su. Wani ya ce mini "magajiya" ta fi "ko-ta-kwana" gajarta.

Malam Mamman, Tawa:
Sai bayan an ɗora ta. Kafin nan ba jira kaɗai take ba, tun siga ta 9.0 a 2010 ana iya karatu daga gare ta, kuma nan rigimar take. Wani na fitar da dogon rahoto a Tawa, sai VACUUM a Yamai ya share tsoffin layukan da rahoton ke dubawa. Zartarwa za ta haƙura na daƙiƙa 30, gwargwadon max_standby_streaming_delay, sannan ta soke tambayar. Ka ƙara lokacin, ko-ta-kwana ta yi nisa a baya. Ka kunna hot_standby_feedback, rahoto ya tsira amma teburan babbar su kumbura da matattun layuka. Ni dai, wadda aka ajiye don ranar tsiya ba na son a ɗora mata dogayen rahotanni. A tada wata don su.

Hajiya Rabi, Yamai:
A sa maganar slot ma, mu ce mata "gurbi". Gurbi na hana babbar goge WAL ɗin da ba a karɓa ba, abu mai kyau in layi ya yanke na ɗan lokaci. Amma in Tawa ta mutu kwana da kwanaki, Yamai ce za ta cika ta tsaya. Daga siga ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size, sai dai tana zuwa babu iyaka, da hannu ake sa mata adadi. Sannan in babbar na da subscription, wato tana jawo canje-canjen tebura daga wata uwar garke, ayyukan da ke tafiyar da shi ba sa tashi a kan ko-ta-kwana muddin tana bin sawu, sai an ɗora ta. Kada yara su ga babu su, su ce abu ya lalace.

Isufu, Yamai:
To na rubuta ko-ta-kwana da bin sawu, karɓa da zartarwa a ƙarƙashinta. A babin kafawa na ce a ƙirƙiri recovery.conf, daidai ne?

Zali, Yamai:
Wannan na siga ta 11 zuwa ƙasa ne. Tun daga ta 12 a 2019, fayil marar komai mai suna standby.signal ake ajewa, primary_conninfo kuma ya koma cikin postgresql.conf ko postgresql.auto.conf, kuma pg_basebackup -R na yin duka biyun da kansa. In tsohon recovery.conf ya rage a ciki, uwar garken ba za ta ma tashi ba, don haka gyara babin kafin ka tura wa kowa.