Bindigata samfurin Winchester 1873 tana cijewa da gajeren harsashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Amurka nake zaune, kuma ina da bindiga ƙirar Italiya da aka kwaikwayi Winchester 1873, irin wadda ake ɗanawa da mariƙin ƙasa. Ta asali harsashin .44-40 aka fara yi mata, tawa kuwa ta .357 Magnum ce, tana kuma cin .38 Special. Harbin allo nake yi da ita a filin atisaye.

Idan na loda .357, lafiya lau take aiki. Amma da na zuba .38 Special, sai mariƙin ya tsaya cak a rabin hanya. Da na leƙa ta sama, sai na ga harsashi na farko ya zauna cikin tubalin tagullar da ke ɗaga shi zuwa bututu, amma gindin na biyu ya biyo shi daga ma'ajiyar harsasai ya ɗan shigo, ya tokare tubalin. Sai na tura shi baya da ɗan tsinke kafin ta saki.

Ina zargin tsawo ne. Na .357 yakan kai inci 1.59, na .38 ɗin da na auna kuwa 1.45 ne. Na wanke ta, na sa mai, ba abin da ya canza.

Don Allah, wanda ya san wannan samfurin, mene ne mafi ƙarancin tsawon da take ɗauka? Ko gangaren gaban tubalin, wanda ke mayar da harsashi na biyu baya, shi ne yake son gyara? Ba na so in taɓa shi da magagari da kaina, don ina ji da bindigar nan ƙwarai. Kuma .38 ya fi araha, shi ya sa na nace masa.