Shawarwarin masu dabo kan wasa da kurciya da zomo

Da masu wasan dabo suka tattauna kan kayan da ake ɓoye dabba a ciki, maganar iska ce ta fi ɗaukar lokaci. Duk akwati ko aljihun da za a cusa kurciya sai an huda masa ramukan numfashi, kuma a saka ta daf da fitowa fili, kada ta daɗe a matse cikin rigar mai wasa. Game da wani kwanon dabo mai ɓoyayyen gurbi a murfinsa, wanda ake kunna wuta a ciki sannan a rufe a buɗe kurciya ta bayyana, sun ce a bar murfin ya huce kafin a maimaita.

Zomo kuwa zafi ne maƙiyinsa, kuma fitilun dandamali na da zafi. Kada a ɗaga shi ta kunne; a tallafo ƙirjinsa da ƙugunsa.

An yi saɓani kan rage gashin fiffiken kurciya don kada ta tsere. Ni na fi yarda da masu cewa horo a hankali, da ciyarwa a tafin hannu, ya wadatar. A Ingila, tun 2018, sai da lasisi ake sana'ar baje kolin dabbobi.