Kada ne ko guza Kawu ya gani a Kwalkwalawa?

Yaya Babba: Jiya na bi ta gadar Kwalkwalawa da ke Sakkwato zan shiga jami'a, na tsaya na duba ruwan. Kawu, a yi mini afuwa, amma raina ya kasa yarda da labarin da muka tashi da shi, cewa kada ne ya sa ka zubar da furar Kaka. Ina ganin guza ne. Ruwan nan bai kai mazaunin kada ba.

Kawu: Ɗana, ruwan da ka gani jiya ba shi ne na ƙuruciyata ba. Wanga abu ya faru kahin a gama dam ɗin Goronyo a 1984. Lokacin, in gulbin Rima ya cika da damina, fadama duk ruwa take komawa, sai da jirgi ake ƙetarewa. Ban wuce shekara goma ba. Inna ta dama hura da nonon da Hillani sunka kawo da sahe, ta ruhe ƙwarya da faifai, ta aza ludayi bisa, tac ce in kai ma Baba gonar shinkafa. Ina bin bakin ruwa sai ga abu kamar icce kwance bisa yashi, baki buɗe, ko motsi bai yi. Haka kada yake shan hantsi.

Malama: Kawu, ba musu nake da kai ba, Allah ya ƙara girma. Amma babban guza yakan kai mita 2, kuma jikinsa da roɗi-roɗi kamar na ɗan kada. A idon yaro ɗan shekara goma, kama da wane takan zama wane. Ka ga harshensa? Na guza a rabe yake biyu kamar na maciji, yana ta fito da shi. Kuma yaya ya gudu? Guza da ya ji motsi yakan zura a guje, har bishiya yana hawa.

Kawu: Bai gudu ba, ɗiyata. Sulalewa yay yi cikin ruwa, ya bar ido biyu da hanci a waje yana kallona. Ni da munka yi farautar damo da karnuka a bayan gari har munka gaji, in kasa sanin danginshi?

Auta: Ni ina bayan Kawu. Wannan ruwan ne yake gangarawa Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Har yau kafin masunta su faɗa kogin Matan Fada, Sarkin Ruwa ne ke fara shiga saboda kadoji. In akwai su can, me zai hana ɗaya ya hauro da ambaliya?

Yaya Babba: Auta, tsakaninmu da Argungu kusan kilomita 100 ne. Kuma ka san iyayenmu: duk ruwan da ba a so yaro ya shiga, sai a ce da kada a ciki. Mu ma da shi aka hana mu wanka a gulbi.

Goggo: Ku saurara, ni ina gida ranar. Ban ga dabba ba, amma na ga ƙanena. Ya shigo ba takalmi, hura duk a gaban rigarshi, ƙwaryar ta rabe biyu yana riƙe da ita gam. Ƙwaryar auren Inna ce, mai zane, ba ta bari kowa ya taɓa ta sai in za a kai ma Baba. Duk munka ɗauka duka zai sha. Inna ta dube shi, ta kama ƙafahunshi tana duba su ɗaya ɗaya, sannan ta zauna ƙasa ta yi ta kuka. Da ta share hawaye ta auno gero, ni da ita munka koma turmi da rana tsaka, don Baba bai ci komai ba tun asuba.

Da magariba Baba ya dawo da tarwaɗa biyu da wani Basarke mai kamun kihi ya ba shi. Inna ta yi tuwon shinkafa, ta sa kihin a miya da daddawa da tattasai, ta cire ma ƙanena tsokar tsakiya. A bakin akushin nan Baba yac ce Sarkawa sun kwana uku suna hana mutane bin wannan gaɓa. Bai hwaɗi dalili ba, mu kuma ba a tambayar Baba yana cin abinci.

Malama: Goggo, wannan ban taɓa ji ba. Sarkawa ba za su hana hanya saboda guza ba.

Yaya Babba: Suna iya hanawa saboda zaizayar gaɓa, damina ce. Ban sauka daga ra'ayina ba tukuna. Amma Goggo, ina ƙwaryar take?

Goggo: Inna ta kai anka ɗinke ta, ta koma ajiyar daddawa a ciki har Allah ya yi mata rasuwa. Tana ɗakina bisa jere. In kun zo ran Juma'a bayan masallaci zan hiddo muku ita.