Layin raba lamba ya ƙi daidaita da alamar ɗebewa a manhajata

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a nan Kumasi, kuma ina rubuta wata ƙaramar manhaja da za ta riƙa zana tambayoyi a wayar ɗalibai masu shirin jarrabawar WASSCE ba tare da intanet ba, saboda yawancinsu ba sa iya sayen data kullum. Ina auna kowane harafi da measureText, umarnin auna rubutu na burauza, sannan in jera su. Matsalata biyu ce. Layin da ke raba lambar sama da ta ƙasa ba ya zama daidai da alamar ɗebewa, wani lokaci ya yi sama, wani lokaci ya yi ƙasa. Sannan idan na ɗora ƙaramar lamba 2 a kafaɗar harafin f mai karkata, sai su haɗe. Ina kuskuren yake?

Injiniya daga Nima:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren shi ne faɗi kaɗai kake aunawa, alhali tsarin da Donald Knuth ya kafa da TeX, manhajarsa ta tsara rubutun lissafi, tun 1978 yana ɗaukar kowane harafi a matsayin akwati mai faɗi, da tsawo sama da layin da haruffa ke zama a kai, da zurfi ƙasa da wannan layin, ga kuma awo na huɗu na gyaran karkata. Rashin wannan na huɗun ne ya haɗe maka f da 2, domin kan f yana leƙawa waje da faɗin da aka rubuta masa, kuma sai an ƙara wannan ɗan tazara kafin a ajiye lambar kafaɗa.

Batun layin kuwa, ina zaton kana ajiye shi a tsakiyar lambobin biyu, shi ya sa yake yawo duk lokacin da tsawonsu ya canza. Lissafi yana da nasa ginshiƙin a kwance, wanda alamar ɗebewa ke zaune a kansa, kuma a kansa ake kafa layin, sannan a tura ta sama sama, ta ƙasa ƙasa. Ba sai ka ƙiyasta ba. Salon haruffan da aka yi domin lissafi yana ɗauke da teburi mai suna MATH, wanda Microsoft ta fara amfani da shi a Cambria Math tare da Office 2007. A salon haruffa na Latin Modern Math tsawon ginshiƙin 250 ne cikin 1000 na girman rubutu, wato idan girman rubutunka fiksel 20 ne, layin zai zauna fiksel 5 sama da layin zaman haruffa. Ka dai karanta unitsPerEm, wato adadin kason da aka raba girman rubutu, daga fayil ɗin salon kansa, domin wasu salon a kan 2048 aka gina su, kuma wanda ya ɗauka 1000 ne ko'ina zai ga komai ya kumbura fiye da ninki biyu.

Malama daga Asawase:

Abin da Yaya Injiniya ya faɗa daidai ne, amma, Malam, me ya hana ka ɗauki KaTeX, shiryayyen kayan aikin zana lissafi a burauza? Ana iya sa shi cikin manhaja tare da haruffansa ya yi aiki ba intanet, kuma ya riga ya warware alamar tushe da manyan baka masu miƙewa, waɗanda za su cinye maka makonni. Idan kuwa ka nace, ka fitar da awon da fontTools, kayan aikin karanta fayilolin salon haruffa, tun a kwamfutarka ka adana shi, ka kuma kula da kaurin layin: 40 cikin 1000 ne a Latin Modern Math, wanda a fiksel 20 ya zama 0.8, kuma a ƙananan wayoyin da ke hannun yaranmu zai fito dishi-dishi in ba ka cika shi zuwa fiksel ɗaya ba.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Na gyara ginshiƙin, layin ya zauna. Malama, zan gwada KaTeX, sai dai ina son in fahimci abin da ke ƙasa tukuna. Yanzu wata ta taso: idan na rubuta kalma kamar ƙari ko ɗaya a cikin lissafin, ko alamar sidi, kuɗin Ghana, sai harafi ɗaya ya fito da wata kama dabam.

Injiniya daga Nima:

Wannan alama ce cewa salon da kake amfani da shi ba shi da ƙ da ɗ da ₵, sai wayar ta aro su daga wani salon mai awo dabam. Ka duba teburin cmap, jerin haruffan da salon ke ɗauke da su, ko akwai lambobinsu U+0199 da U+0257 da U+20B5. In babu, ka rubuta kalmar gaba ɗayanta da salon da ke da su, irin Noto Serif, ka auna ta a matsayin akwati guda, sannan ka ɗora ta a kan layin zaman da sauran lissafin ke kai. Haka za ka yi wa ɛ da ɔ ranar da ɗalibanka masu jin Twi suka nemi nasu.