Wane folish da kaki ne suka dace da farar mota?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana gyaran fentin mota, don Allah ina neman shawararku.

Motata fara ce, fentinta ya dushe sosai, musamman rufi da bonet. Ko an wanke ta, in na shafa hannu sai in ji kaushi-kaushi, ga ƙananan ɗigo masu launin tsatsa a bayan taya da ƙasan ƙofofi. Na san ƙurar ƙarfen birki ce ta maƙale, sabulu kuwa ba ya taɓa ta. Na fahimci sai an cire wannan da maganin narkar da ƙarfe da yumɓun gogewa (wani abu mai kama da yumɓu da ake murzawa a kan fenti ya kwashe dattin da ya maƙale) kafin a kai ga folish.

Inda na tsaya cak shi ne abin da za a shafa daga ƙarshe. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar Brazil, yana ba da ƙyalli mai ɗumi, amma makonni kaɗan rana ta cinye shi. Man kariya na kemikal yana iya kai wata shida. To a kan fari, wanne ya fi fito da haske? Shin gaskiya ne kaki mai ruwan ɗorawa yana sa fari ya ja launi?

Sannan folish: tunda tabon zagaye (siraran layukan ƙarzuwa da wanki ko gogewa ke bari a fenti) ba ya fitowa sosai a fari, mai laushi ya wadatar, ko dushewar nan sai mai ƙarfi? Ina tsoron cinye fentin. In za a ɗora kaki bisa man kariya kuma, awa nawa ake jira ya bushe?

Na gode.