Ana son ɗibar burji a gonar gadonmu: wa ya taɓa shiga wannan harka?

Manomi, wajen Dawakin Kudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan kwangila ya zo wajen mahaifinmu yana so ya ɗebi burji a gonarmu ta gado, ya ce aikin hanya zai yi da shi. Ya kawo wata takarda wai ta amincewa, yana so Baba ya sa hannu, kuɗin da ya ambata kuma ba kaɗan ba ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ban ji ya yi maganar cike ramin ba. Duk wanda ya taɓa gani da idonsa ya taimaka mana.

Tsohon ma'aikacin kamfanin fasa dutse, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ku riƙe takardar nan da kyau, ita ce ƙarfinku. Ni na bi wa kamfaninmu takardu, na san yadda abin yake. A dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, har yashi da tsakuwa da burji, kuma ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasisi. Amma ba a ba mutum lasisin sai ya haɗa da shaidar cewa mai filin ya amince. Lasisin fasa dutse shekara 5 yake yi, sannan a sabunta. Kafin a fara aiki dokar ta ce a gabatar da tsarin kare muhalli da gyara wurin bayan an gama, a kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar garin kan abin da za su amfana da shi. Ku ce ya nuna muku waɗannan. Wanda ke da su ba ya ɓoyewa.

Direban tifa, Wudil:
Gaskiya Alhaji ya faɗa, sai dai abin da ke takarda daban, abin da muke gani daban. Ni yashi nake ɗauka a bakin kogi. Wurin da muke lodi a da, yanzu gaɓar ta zaftare ta ci kadadar wani dattijo mai noman albasa. Na ga shukarsa a reto a bakin gaɓa, saiwoyi a waje. Kowa ya karɓi kuɗin tifa, babu wanda ya ɗauki nauyin gyara. Abincina ke nan, amma abin yana ci mini rai.

Malamar makaranta, Kano:
Ni maganar yara ce ta kawo ni. A bayan unguwarmu an haƙi jar ƙasa aka tafi aka bar ramin. Damina ɗaya ya zama kududdufi. Ga sauro, ga shara, ga yaran da ke zuwa wanka ba su san zurfinsa ba, domin gefensa a tsaye yake, ba gangara ba. Mun yi jana'izar ɗan maƙwabcinmu saboda ramin nan, Allah Ya jiƙansa. Don Allah Malam, ko da ba za a cike duka ba, a sa a kwantar da gefen, a kuma kewaye shi tun ana cikin aiki.

Mazaunin Mpape, Abuja:
Amin. Mu nan dutse ake fasawa, nakiya ce damuwarmu. Bangon ɗakina ya tsage tun daga taga har ƙasa. A watan Satumba na 2018 da ƙasa ta yi ta motsi a Mpape, hukumomin Abuja sun dakatar da fasa dutse na ɗan lokaci. Wani babban ramin fasa dutse da aka daɗe da bari ya cika da ruwa, shi ne a 2020 mutane suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoto. Kyau kam yana da kyau, amma fili ne da ba a ƙara gina komai a kansa ba.

Tsohon ma'aikacin kamfanin fasa dutse, Kaduna:
Bari in ƙara abu guda da na ga ya yi aiki. A wani wurin da muka yi, dagacin garin ya kafe sai an rubuta cewa katafila za ta fara kankare ƙasar sama, wadda ake noma a kanta, a tara ta gefe guda, kada a sayar. Da aka gama sai aka tura ɓaraguzai a ramin, aka baje, aka mayar da ƙasar saman. Amfanin shekarar farko bai taka kara ya karya ba, sai da aka zuba taki sosai, amma gonar ta dawo. A rubuta zurfin da za a tsaya, a rubuta wanda zai cike, kuma a yi shi tun injinan suna wurin. In suka ɗauke katafila, dawo da ita kuɗi ne, ba za su yi ba. Hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, ita ma tana da ƙa'idojin fasa dutse na 2013, kuna iya kai ƙorafi can.

Manomi, wajen Dawakin Kudu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka. Ya ce gobe za mu je wajen dagaci da sauran magada, a kira ɗan kwangilar ya zo da lasisinsa. Alhaji, in ba damuwa, ka turo mini yadda aka rubuta sharaɗin ƙasar saman nan.