Abincin rana a ranar aiki da na hantsin ƙarshen mako: abin da muka gani a manyan birane

Rabi'atu

Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni babban birni, kuma nisan da ke tsakanin masaukina da ofis ba ya barin mutum ya koma gida cin abincin rana. Hutun da ake ba mu sa'a ɗaya ne, amma kafin a sauko daga bene, a tsallaka titi, a bi layi, a jira a zuba, rabinsa ya riga ya tafi. A ƙarshen mako kuma abokan aiki sukan gayyace ni cin abincin hantsi, wanda ake haɗe karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya, kuma kullum ina ganin kuɗin da ake biya ya zarce abin da ke cikin faranti. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a manyan birane su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, musamman yadda suke zaɓen wurin ci da yadda suke kare aljihu da lafiya.

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Na yi aiki a Madrid, kuma a can na gane cewa ciyar da ma'aikaci da rana sana'a ce mai zaman kanta, wadda ba ta yi kama da ta abincin dare ba. Yawancin ƙananan gidajen abinci suna rubuta abincin ranar a allo a bakin ƙofa: faranti na farko, wato miya ko ganye ko wake, sai na biyu, nama ko kifi, sannan burodi da abin sha da kayan zaƙi ko kofi, duka a farashi ɗaya. Gwamnatin Sifaniya ce ta wajabta irin wannan tsari a tsakiyar shekarun 1960 domin masu yawon buɗe ido, daga baya ma'aikatan gari suka rungume shi har ya zama nasu.

Abin da ya sa tsarin yake da sauri da sauƙin kuɗi shi ne, kuku ya riga ya yanke shawara tun da safe. Abinci uku ko huɗu kawai ya ɗora a manyan tukwane, daga abin da ya samu da araha a kasuwa a ranar, saboda haka kina zama ana kawo miki, kuma da wuya wani abu ya kwana. Tun daga lokacin, duk birnin da na je, idan na ga takardar jerin abinci mai shafuka da yawa da tsakar rana nakan wuce, domin kicin ɗaya ba zai iya dafa duk waɗannan sabbi a rana guda ba, dole wasunsu daga firiji za su fito. Nakan kuma fita minti goma sha biyar kafin lokacin da ofisoshi suke sakin mutanensu, wanda shi kaɗai yana rage mini rabin tsayuwar layi. Ki kuma tambaya ko wurin aikinku yana tallafa wa abincin rana. A Faransa, tun 1967 doka ta amince da takardar cin abinci da ma'aikata suke biyan kuɗi da ita a gidajen abinci, inda mai kamfani yake ɗaukar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na darajarta.

Zainab

Ni daga cikin kicin zan yi magana, domin na yi aikin girki da na kai abinci tebur a Landan lokacin da nake karatu. 'Yar'uwa Rabi'atu, abin da kika lura da shi game da abincin hantsi gaskiya ne. Ƙwai da burodi da fulawa da madara da dankali suna cikin kayan da suka fi araha a kicin, kuma a wannan sana'a ana so kuɗin kayan girki ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na farashin faranti ko ƙasa da haka, sauran ya tafi ga hayar wuri da albashi da gas da wutar lantarki. Asabar da Lahadi ne suke rufe giɓin ranakun tsakiyar mako da kujeru suke zama wayam. Saboda haka kujera da lokacin zama a kanta su ne ainihin abin da kike saye, shi ya sa idan kin kama tebur ta waya ko ta intanet ake gaya miki cewa naki ne na sa'a ɗaya da rabi.

Wanda bai taɓa shiga kicin da ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Lahadi ba ba zai san abin da ke bayan wannan nutsuwa ta ɗakin cin abinci ba. Na'urar buga oda ba ta yin shiru, takardu suna jere a kan ƙarfen da ke saman murhu har wasu suna hawa kan wasu, mutum ɗaya yana gasa burodi ba ya ɗaga kai, wani yana jera faranti yana goge gefensu da tsumma. Ƙwan nan da ake fasawa a ruwan zafi a dafa ba ɓawo, tun da sassafe muke dafa shi da yawa, mu tsoma shi a ruwan ƙanƙara domin dafuwar ta tsaya, idan oda ta zo a mayar da shi ruwan zafi na kusan minti ɗaya. Wannan ba ha'inci ba ne, dabarar sana'a ce, kuma ba don ita ba da babu wanda zai ci a kan lokaci.

Ki riƙa duba ƙasan rasit kafin ki biya. A Landan akan ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 12.5 cikin ɗari, kuma inda aka rubuta cewa na ganin dama ne kina da ikon cewa a cire. Ni dai ba na so a cire sai in an wulaƙanta mutum, musamman da yake tun watan Oktoban 2024 dokar Birtaniya ta wajabta a miƙa wa ma'aikata wannan kuɗi gaba ɗaya.

Aminu

Ina aikin jinya a New York, kuma abin da na fi damuwa da shi shi ne tsafta, domin na ga yadda abincin rana ɗaya yake kwantar da ƙosasshen mutum. Tun 2010 hukumar lafiyar birnin take ba gidajen abinci harafin A ko B ko C bayan bincike, kuma dole ne a liƙa shi inda mai wucewa zai gani. A Ingila maki ake bayarwa daga 0 zuwa 5, sai dai liƙa shi ba dole ba ne a can, alhali a Wales da Ireland ta Arewa dole ne. Inda babu irin wannan takarda, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nakan tsaya in kalli hannun mai zuba abinci, ko da shi yake karɓar kuɗi ya kuma ɗauki burodi, in kalli tsumman da ake goge tebur da shi, in kuma leƙa banɗaki in ga ko akwai sabulu da ruwa.

Wuraren da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa su ne nake yi wa kallon tsanaki. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salsiyos, don haka abincin zafi ya kamata ya riƙa tururi, na sanyi kuma ya kasance a kan ƙanƙara, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce sa'a biyu a ajiye haka kawai ba. Shinkafa tana cikin masu yaudara, domin akwai ƙwayar cuta da take jure dafuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Akwai kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kuma abincin sayarwa yakan yi gishiri fiye da na gida, abin da mai hawan jini da yake ci a waje kullum ya kamata ya sa a ransa.

Malama Zainab, maganar kuɗin hidima a nan ta fi tsanani. Tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kusan wajibi ne a Amurka, saboda dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 kacal a sa'a, adadin da bai canza ba tun 1991, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu.

Usman

Da izininku zan ɗan saɓa. Ni a ganina babu abincin waje da ya dace a mayar da shi na kullum, komai kyawun tsarinsa. Na je horo a Mumbai ta ƙasar Indiya, na ga masu kai abincin rana daga gidaje zuwa ofisoshi, sana'ar da ta faro tun 1890. Suna karɓar kwanukan ƙarfe masu hawa-hawa daga gida da hantsi, su ɗora a keke, su tara su a tashar jirgin ƙasa, su rarraba bisa alamomin da aka zana a murfi, zuwa lokacin cin abincin rana kowane kwano ya isa teburin mai shi. Kafin annobar korona ana ƙiyasta cewa mutum 5,000 ne suke kai kwano kusan 200,000 a rana. Wannan ya nuna mini cewa ko a birnin da ya cika maƙil da masu sayar da abinci, ma'aikata suna fifita girkin gidansu.

Da na dawo sai na koma tafiya ofis da abincina a kula, in ware rana ɗaya a mako in fita tare da abokan aiki. Na gwada yin oda ta manhaja na wani lokaci, amma sau da yawa abincin yakan iso a huce, soyayyen abu ya yi laushi saboda tururin da ya taru a cikin roba, ga kuɗin kawowa a sama. Wani mai gidan abinci ya nuna mini cewa kason da manhajar take cirewa yakan kusanci kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa farashinsa na manhaja ya fi na cikin shago.

Binta

Malam Usman, maganarka tana da ƙarfi ga mai kicin da mai lokaci, amma wanda yake kama ɗaki ɗaya a gidan haya, yake fita da asuba ya dawo da dare, girkin kullum ba abu ne mai sauƙi gare shi ba. A Singafo na ga inda aka ɗauki wannan matsala da muhimmanci. Tun shekarun 1970 gwamnati ta kwashe masu sayar da abinci daga bakin titi ta gina musu rumfuna masu ruwa da magudana da kujeru na bai ɗaya, yanzu akwai irinsu fiye da ɗari, kuma a 2020 UNESCO ta sa wannan tsari a jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Kowane mai rumfa abu ɗaya ko biyu yake dafawa shekara da shekaru, wanda ya yi daidai da abin da Malam Habibu ya faɗa. Da tsakar rana za ka ga an ajiye ƙaramin ƙunshin takardar goge hannu a kan tebur, alamar cewa mai wurin yana layi, kuma babu wanda zai zauna. Idan ka gama kai ne za ka mayar da tirenka, domin tun 2021 ana gargaɗin wanda ya ƙi, in ya maimaita a ci tararsa. A can tsawon layi ne ma'aunina, duk rumfar da na ga ma'aikata da tsofaffi sun yi dafifi a gabanta, ita nake bi.

Malam Lawal

Ni abin da ya shafe ni shi ne fitar ƙarshen mako da iyali. Muna zuwa da yara da mahaifiyata, wadda ƙafa take damunta kuma ba ta ji sosai, saboda haka matakala da ƙarar kiɗa da tsayuwa a bakin ƙofa sun fi mini muhimmanci a kan abin da kuku ya iya. An taɓa kawo mana rasit tun mahaifiyata ba ta kai rabin farantinta ba, saboda wasu suna tsaye suna jiran teburin, kuma abin ya sosa mini rai ƙwarai, domin don a zauna a yi hira da ita muka fito. Malama Zainab, ke da kika san cikin sana'ar, wace hanya ce mutum zai bi ya samu zama a natse?

Zainab

Baba, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku kama teburin farko da ake buɗewa da shi, ko kuma na ƙarshe bayan ƙarfe ɗaya da rabi, domin wanda ya zo a ƙarshe babu mai jiran kujerarsa, kuma a lokacin kicin ya sami sararin numfashi. Ku kira da baki maimakon cike fom a intanet, ku faɗa cewa akwai tsohuwa da yara, ku nemi tebur a ƙasa nesa da lasifika, ku kuma tambayi tsawon lokacin zama tun kafin ku fito. Idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu, ko wanda ba ya cin wani nau'in nama, a faɗa a wannan kiran. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta a bayyana abubuwa 14 da suke tayar wa wasu da rashin lafiya, ciki har da gyaɗa da ƙwai da madara da kifi, kuma kuku ya fi iya kiyayewa idan ya sani da wuri. Wasu wuraren suna neman lambar katin banki kafin su riƙe tebur, su cire wani abu idan ba a zo ba, don haka in uzuri ya taso a sanar da su tun ana gobe.

Malama Binta, layin ranar aiki na yarda da shi, domin mutanen da suke ci kullum da kuɗin guminsu ba sa komawa inda ya cuce su. Layin hantsin Lahadi kuwa ba na ba shi wannan matsayi, saboda na yi aiki a inda ake ƙin riƙe wa kowa tebur da gangan domin a ga taro a bakin ƙofa, kuma yawancin masu tsayuwar hotuna suka gani a waya, zuwansu na farko ke nan. Gidan da na ga mutanen unguwa suna gaisawa da ma'aikatansa da suna, shi nake kai baƙina.